Tabon Ruwa A Gilashin Mota: Garin Neman Gira Muna Rasa Ido



Maganar da za mu yi yau wani zai ce ƙarama ce, ba ta kai a ɓata mata shafi ba. Mu ma da haka muke ganinta, har sai da ta shigo mana cikin gida. A zamanmu na ƙarshe wani ɗan ƙungiya ya ja mu waje ya ce mu zo mu ga gilashin gaban motarsa. Gilashin ya yi fari-fari daga tsakiya zuwa gefen direba, kamar an hura masa hayaƙi, ka goge ka goge ba ya fita. Abin da ya faru shi ne ya gaji da ganin ɗigo-ɗigon farin tabo a gilashin, ya yi wa yaron da ke masa wanki faɗa, yaron ya je ya samo wani ruwa a cikin gorar lemo, ba suna ba takarda, aka shafa. Tabo ya fita, gilashi ya tafi tare da shi. Shi kuwa yaron, da dare yatsunsa suka kama zogi, ya kwana bai runtsa ba, ya yi kwanaki ba ya iya riƙe soso.

Mai mota ya zo yana neman ƙungiya ta sa baki a biya shi. Muka ce to, amma kafin a kai ga biya, bari mu faɗa wa kanmu gaskiya tukuna. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan ɓarna mu masu motoci muke sayenta da kuɗinmu, mu ne muke matsa wa yara su yi ta, sannan idan ta auku mu fi kowa ɗaga murya.

Mu fara da sanin abin da muke faɗa da shi, domin yawancinmu ba mu san shi ba. Farin tabon nan ba datti ba ne, ba kuma ragowar sabulu ba ne kawai. Ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, na bohol ko na rijiya, yana ratsa duwatsu da ƙasa kafin ya iso gare mu, yana narkar da wasu sinadarai yana tafe da su, musamman kalsiyam da maganiziyam. Ido ba ya ganinsu a cikin bokiti. Amma idan ɗigon ruwa ya zauna a kan gilashi rana ta busar da shi, ruwan ne kaɗai ke tashi, sinadaran su tsaya a wurin su daskare. Wanda ya daskare ɗin nan dangin farar ƙasa ne, irin dutsen da kamfanin siminti na Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye yake haƙa yana ƙonawa tun da ya fara aiki a 1979. Wato a taƙaice, duk lokacin da muka bar ruwan bohol ya bushe a kan gilashi, wani siririn ɓawon dutse muke shimfiɗa masa.

Masana ruwa suna auna wannan nauyi da miligiram a kowace lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, daga 121 zuwa 180 ruwa ne mai nauyi, abin da ya haura 180 kuwa ya yi nauyi ƙwarai. Amma ba sai mun je ɗakin gwaji ba. Iyayenmu mata sun riga mu sani. Ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa sai an zuba da yawa, ruwan da ke barin farin ɓawo a gindin tukunya ko butar shayi, ruwan da ake ce yana da zartsi, shi ne dai wannan. Kowa ya leƙa cikin butar da ake dafa ruwa a gidansa. Abin da ya gani a gindinta shi ne yake gani a gilashin motarsa. Bohol da bohol sun bambanta, na wani layi ya fi na wani, shi ya sa za ka ga wanda ke wanki a wuri kaza yana kuka da tabo, maƙwabcinsa kuma bai san ana yi ba.

Mun san halin da muke ciki game da ruwa a Gombe. Ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, gari kuwa ya faɗaɗa sosai tun da ya zama babban birnin jiha a 1996. Inda famfo bai kai ba, ko ranar da bai zo ba, bohol ne da 'yan ga-ruwa. Masu wankin mota ba su da zaɓi, da abin da suka samu suke aiki. Ba mu zargin kowa a kan wannan. Abin da muke zargi shi ne abin da ake yi da ruwan bayan an same shi.

Dubi yadda muke kai mota wanki. Sai rana ta take, ƙarfe goma sha biyu ko ɗaya, a watan Maris ko Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40, gilashi ya yi zafin da ba ka iya ɗora masa tafin hannu. A ajiye mota a fili, ba rumfa ba inuwa. Yaro ɗaya, motoci uku na jiransa, kowane mai mota yana duba agogo yana cewa yi sauri ina da wurin zuwa. Ya watsa ruwa a gilashin gaba, kafin ya zagayo ta baya na gaban ya bushe. Ya ɗauko tsumman da ya goge taya da shi ya bi ta kai. An gama, a miƙa masa abin da bai kai kuɗin jarkokin ruwan da ya zuba ba, a ja mota. Mako mai zuwa a maimaita. Bayan wata shida gilashi ya yi kamar fatar zabo, sai mu ce yaran yanzu ba su iya aiki ba.

Daga nan sai a shiga neman magani, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ta fi tabon muni. Mun ga mai kankarewa da reza. Mun ga mai dirzawa da soson ƙarfe na wanke tukunya. Mun ga mai toka, mun ga mai yashi mai laushi, har da mai sanfefa. Jama'a, gilashi yana da tauri amma yashi ya fi shi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, gilashi yana wajen 5 da rabi, ƙwayar yashi tana 7. Duk abin da ke da yashi a cikinsa zai zana gilashi, zanen kuma ba ya gogewa. Ƙurar hunturu ma da ke sauko mana daga Nuwamba zuwa Maris, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, cike take da irin wannan sinadari. Shi ya sa goge gilashi mai ƙura da busasshen tsumma, ko kunna waifa ba ruwa da safe, daidai yake da bin gilashin da sanfefa a hankali a hankali.

Sai masu asid. Wani ya ce a shafa ruwan batir. To, ruwan batir iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya cuci mutane da yawa. Akwai tataccen ruwa da ake ƙara wa batir, wannan ruwa ne zalla, ba komai a cikinsa, yana ma da amfani a wannan aiki. Akwai kuma asid ɗin da ke cikin batir ɗin kansa, wanda ake kira salfurik, mai ƙona fata ya huda tufafi. Idan ya gangaro daga gilashi, fenti yake samu, ya shiga ƙarƙashin roba ya sami ƙarfe, tsatsa ta fara ci daga inda ido ba ya gani. Haka maganin wanke masai da wasu ke ɗaukowa daga gida. An yi shi ne don tangaran, ba don jikin mota ba.

Amma wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne ruwan gora, wanda ake yawo da shi ana cewa maganin gilashi ne, shafa ɗaya tabo ya ɓace. Ku tambayi mai sayarwa me ke ciki, shi ma sarowa ya yi. Akwai wani asid da ake kira haidurofulorik, da 'yan uwansa na dangin fuloraid, ana sa su a wasu magungunan wanke ƙafafun mota na alminiyam da na cire tabo. Wannan asid gilashin kansa yake ci, da shi ake zana rubutu da ado a jikin gilashi a masana'antu, shi ya sa ma ba a ajiye shi a kwalba sai a roba. Yana cire tabo ne ta hanyar cinye fuskar gilashin da tabon ke zaune a kai. Idan ya daɗe kaɗan, ko gilashin na da zafi, sai ya bar wannan hazon da muka gani a motar ɗan uwanmu. Wanda ya ga ruwa ya mayar da gilashi fari-fari cikin mintuna, to ya san da dangin wa yake hulɗa.

Abin da yake yi wa mutum ya fi abin da yake yi wa gilashi. Idan an tsarma shi, ba ya zafi nan take kamar sauran asid. Yaro zai yi aiki da shi hannu tsirara bai ji komai ba, alhali yana ratsa fata yana shiga nama, yana neman kalsiyam ɗin jiki, har ya kai ƙashi. Sai bayan sa'o'i zogi ya taso, sau da yawa a ƙarƙashin farce. Idan ya zuba a jiki da yawa yana iya taɓa bugun zuciya ya yi kisa. Wannan ba tatsuniya ba ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto a 2015 a kan masu wankin motoci a jihar Washington kaɗai, daga 2001 zuwa 2013: ma'aikata 48 wannan asid ya ƙona, ɗaya ya mutu. Can fa ke nan, inda ake rubuta gargaɗi a jikin kowace roba, ake da safar hannu da dokar kare ma'aikaci. Mu nan gorar lemo ce da ɗan yaro mai silifas. Waɗannan yara 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, wasu da kuɗin wankin nan suke biyan kuɗin makaranta, wasu da shi ake ɗora tukunya a gidansu. Hannun nan shi ne jarinsu.

Wani zai ce ai duk wannan maganar kwalliya ce, mota dai tana tafiya. A'a. Gilashi mai tabo ko mai zane yana watsa haske. Duk wanda ya taɓa kama hanyar Bauchi da la'asar sakaliya, rana na faɗuwa a gabansa, ko ya nufi Dadin Kowa da Biu da sassafe tana fitowa a idonsa, ya san yadda gilashin ke komawa farin allo. Da dare kuma, a hanyar Kumo zuwa Billiri da Kaltungo, babbar mota ta haske ka da fitila, kowane ɗigon tabo sai ya zama tasa fitilar. A cikin daƙiƙa biyu ko ukun da ba ka gani, motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 20 a kowace daƙiƙa. Mai keke, mai tura kura, yaro mai tsallaka titi, saniya, duk a cikin wannan tazara suke. A nan cikin gari ma, shataletalen Jekadafari da magariba, Keke Napep da babura ta ko'ina, ba wurin da mutum zai tuƙa da rabin gani ba ne. Ga damina: waifa ba ta share gilashi mai kaushi da kyau, tana tsalle tana barin layi-layi, robarta ma ba ta daɗewa.

Ga kuma aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kowa ya san yadda kayan mota suka koma. Gilashin gaba ba fale ɗaya ba ne, biyu ne aka manne da siririyar roba a tsakani don kada ya tarwatse a fuskar mutum idan an yi haɗari. Canza shi ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma idan ba a dace da mai sawa ba, damina na zuwa ruwa ya fara yoyo. Mutum ya ƙi ƙara wa yaro ɗan abin da zai sa ya tsaya ya tsane mota da kyau, ya zo ya biya ninkin-ba-ninkin a wurin mai gilashi. Araha ba ta ado.

To mene ne maganin? Yana cikin kicin. Farar ƙasa tana narkewa a cikin ruwa mai tsami, ko da tsamin ba mai ƙarfi ba ne. Farin ruwan khal, wanda wasu ke ce wa binega, da ake sayarwa a kantuna don girki, tsaminsa wajen kashi 5 cikin ɗari ne, ya isa ya narkar da tabon kuma ba ya cin gilashi. Ga yadda ake yi, mun gwada a motocinmu kafin mu rubuta.

A sa mota a inuwa, a bari gilashi ya huce, da safe ko da yamma ya fi. A fara watsa ruwa sosai ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa gilashin. A wanke da sabulu, a ɗauraye, a tsane. Sai a haɗa khal da ruwa mai kyau, rabi da rabi. A jiƙa tsumma mai laushi mai tsabta a ciki, a shimfiɗa shi a kan wurin tabon, a bar shi minti uku zuwa biyar, kada a bari ya bushe. A goga a hankali, a ɗauraye da ruwa mai yawa har wanda ya gangara kan fenti da roba ya fita, sannan a tsane nan take da busasshen tawul. Idan tabon ya daɗe, a maimaita sau biyu ko uku. Wanda bai sami khal ba, ruwan lemun tsami da aka tace yana yin aikin, sai dai a ɗauraye shi da kyau don yana barin danƙo. Kanwa da omo ba sa cire wannan tabo, domin su ba tsami ne da su ba, ƙara yawansu ɓata kaya ne kawai. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kada a kuskura a haɗa khal da bilic na wanki, haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba. Kuma aikin nan na wajen gilashi ne. Ta ciki, inda ake manna baƙar leda, da gilashin baya mai siraran layukan nan na wuta, reza ko soso mai kaushi yana lalata su.

Za mu faɗi gaskiya, khal ba ya cire kowane tabo. Wanda ya shekara yana shan rana yana iya cin fuskar gilashin, wani kuma akwai sinadarin yashi a cikinsa wanda tsami ba ya narkarwa. Idan an yi sau uku yana nan, to ya wuce aikin gida. Akwai garin goge gilashi na musamman, ana ce masa seriyam oksaid, wanda masu sana'ar ke amfani da shi da injin gogewa. Shi ma sai a hannun wanda ya iya, don idan aka cinye wuri ɗaya da yawa gilashin zai riƙa karkatar da abin da kake gani. Idan abin ya yi zurfi a daidai idon direba, a haƙura a canza. Amma wannan matsayi ba dalili ba ne na komawa ga ruwan gora. Gilashin da tabo ya ci, asid ƙara cinsa zai yi.

Rigakafi kuwa ya fi duk wannan sauƙi. Tabo ba ya samuwa sai ruwa ya bushe da kansa. Idan an tsane shi kafin ya bushe, ko ruwan wane bohol ne, babu abin da zai bari. A wanke mota ɓangare-ɓangare, ana yi ana tsanewa. A ware tawul ɗaya na gilashi kaɗai, kada ya taɓa taya ko ƙasa. Ɗaurayar ƙarshe ta gilashi, jarka ɗaya ta ruwa mai laushi ta isa: ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku, ko ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki wanda muke bari yana zuba a ƙasa a ofisoshi da shaguna, ko tataccen ruwan nan na batir. Tankin waifa ma irin wannan ruwa ya kamata a zuba masa. Ruwan bohol da omo da muke ɗura masa shi ke toshe 'yan ramukan fesawa, kuma duk fesawa ɗaya sabon tabo ne. Masu ajiye mota a ƙarƙashin tankin ruwa mai yoyo, ko kusa da inda ake ba fulawa ruwa, su ma su canza wuri.

Mun ji masu wanki suna cewa, Alhaji ba zai jira ba, kuma ba zai ƙara ko sisi ba. Gaskiyarsu. Shi ya sa muka ce gyaran daga wurinmu zai fara. Mu kai mota da safe ko bayan la'asar. Mu ba yaro lokaci. Mu biya kuɗin aikin da muke so a yi mana, wanda ya haɗa da tsanewa. Wanda ke da hali ya saya wa mai masa wanki tawul biyu da safar hannu ta roba, ba za su kai kuɗin man da yake ƙonawa a yini ɗaya ba. Mu daina cewa yaro ka san yadda za ka yi ka fitar min da tabon nan yanzu-yanzu, domin wannan maganar ce ke tura shi wurin mai gora.

Ku kuma iyayen gidan wuraren wanki, da girmamawa muke muku magana, da yawanku abokan zamanmu ne. Rumfa ko ta buhu ce tana rage rabin matsalar. Kada ku bari wani ruwa ya shigo wurinku ba suna, ba bayanin abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC. Kula da sinadarai da kayan wanki yana cikin aikin wannan hukuma, kuma wanda ke ɗura asid a gorar lemo yana sayarwa ya san dalilin da ya sa bai rubuta komai a jiki ba. Gorar lemo fa, a wurin da yara ƙanana ke wucewa. Idan tsautsayi ya sa irin wannan ruwa ya taɓa wani, a cire tufafin da ya jiƙe, a yi ta zuba ruwa a wurin aƙalla minti goma sha biyar, a wuce asibiti nan take ko da bai fara jin zafi ba, a tafi da gorar a nuna wa likita. Asibitin Ƙwararru yana nan cikin unguwarmu, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya. Kada a tsaya shafa manja ko man goge baki.

Game da ɗan uwanmu mai gilashi, ga abin da zaman ya tsayar. Ba za a karɓi ko kwabo daga hannun yaron ba. Mai wurin wankin ya amince zai ɗauki wani kaso na kuɗin gilashi, tunda a wurinsa aka yi kuma bai hana ba. Mai motar ya ɗauki sauran, ya kuma biya kuɗin maganin yaron, kuma shi da kansa ya ce a rubuta wannan a shafi don wani ya tsira. Mun gode masa, ba kowa ke yarda a yi misali da shi ba.

Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a inda muka saba zama, za mu kawo khal da tawul mu nuna yadda ake yi a kan motar duk wanda ya zo da tasa. Masu wankin mota na Jekadafari, da na Bolari, Herwagana, Tudun Wada da Pantami da ke bibiyar wannan shafi, ku ne manyan baƙinmu. Wanda ke da irin gorar nan a ajiye kada ya zubar a kwata, ya ɗaure bakinta da kyau, ya sa a leda, ya zo da ita.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a sana'ar kowa.

Sakataren ƙungiya,
Jekadafari, Gombe.